Sawun da Ya Rage a Rufin Bene

Matar mai gadin gida ce ta fara ganin gawar. Ta hau rufin benen, a wani lungu na unguwar Hadayek el-Maadi da ke Alƙahira, don ta kwashe shanya bayan la'asar, sai ta hango ƙafafun mutum a bayan akurkin tattabaru. Hussain ne, ɗan Sudan mai gyaran lantarki, wanda ke zaune a hawa na huɗu da mahaifiyarsa Hajja Mahasin da ƙanwarsa Shahd. An buge shi a ƙeya da guntun rodi.

Kafin 'yan sanda su iso, mutanen gidan sun gama yanke wanda ya yi. Da safiyar ranar kowa ya ji Hussain yana ɗaga murya a matakala shi da Lawali, ɗalibi daga Gusau da ke haya a ɗakin ƙasa. Lawali ya nemi auren Shahd. Hussain ya ce ba zai ba da ƙanwarsa a tafi da ita Najeriya ba, kuma ma ya riga ya yi wa Munzir alkawari. Munzir maƙwabcinsu ne, mutumin Kosti, direban tuk-tuk, wato keke-napep, wanda ya ce matarsa ta rasu kafin ya baro Sudan. Shi ne ya rantse a kotu cewa ranar ko kusa da rufin bai je ba, amma daga ƙofar ɗakinsa ya ga Lawali yana saukowa da sauri yana goge hannu a riga. Lawali ya ce tun bayan rigimar ya fita ya yi ta tafiya a bakin Nilu har zuciyarsa ta huce. Ba wanda ya gan shi a can. Aka yanke masa hukuncin kisa, kotun sama ta tabbatar.

Shekara ta uku ake ciki lokacin da Murja, yayar Lawali, ta zo wurin Ishaq. Ta baro yaranta a Gusau wajen mahaifiyarta, ta tare a Alƙahira tana dafa wa ɗalibai abinci, tana kai wa ƙanenta ziyara duk ranar da aka bari.

Ishaq dattijo ne haifaffen Mai Wurno, jikan Hausawan da suka tsaya a Sudan a kan hanyar hajji. A ƙuruciyarsa bin sawu yake yi, a sace shanu ko raƙuma ya bi ƙasa da ido har ƙofar ɓarawo. Da rayuwa ta jefo shi Masar sai ya tarar kwalta ba ta riƙe sawu. Ya koma neman mutanen da suka ɓace wa danginsu a cikin birnin, amma a ransa yana jin kamar an rufe masa ido ɗaya.

Murja ta zo da lauyar Lawali, Ustaza Dalia, Bamisiriya marar yawan magana da ta riƙe shari'ar tun farko. Dalia ta yi masa bayani a taƙaice. Ƙofa ɗaya ta rage, wato roƙon a sake duba hukuncin, kuma ba a karɓarsa sai an zo da wani abu sabo wanda alƙalai ba su sani ba lokacin shari'a. Idan an shigar da roƙon za a dakatar da zartarwa har a yanke. Amma ba ta son ta shigar da shi ba hujja a hannu, a kore shi, ƙofar ta rufe. Ta ƙara da cewa ba a sanar da dangi ranar zartarwa, sai dai a kira su su ɗauki gawa.

"Baba Ishaq," in ji Murja, "duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ɗauka kiran ɗaukar gawa ne. Ban ce ka wanke shi ba. Ka duba kawai. In shi ne, ka gaya mini, zan koma gida in yi masa addu'a."

Ishaq ya ce zai duba, amma ta sani sawun shekara uku ba abu ba ne da yake iya yi mata alkawarinsa.

Mutanen gidan ba su yi maraba da shi ba. Mai gadin ya ce magana ta wuce, a bar matattu su huta. Matarsa ta maimaita abin da ta faɗa wa kotu, ba ƙari ba ragi. Wata maƙwabciya ta ja shi gefe ta raɗa masa cewa ya binciki tsohon da ke kiwon tattabarun, domin sun sha faɗa da Hussain a kan wayoyin lantarkin da ke kashe masa tsuntsaye. Ishaq ya bi wannan zaren mako guda. Daga ƙarshe ya tabbatar tsohon yana kwance a asibiti a satin, an yi masa aikin ido, 'ya'yansa da maƙwabtan gadonsa duk sun shaida.

Ya koma rufin shi kaɗai da rana tsaka, ya zauna a kan wani bulo yana kallon ƙasa, yadda ya saba yi a daji idan sawu ya ɓace masa. Daɓen rufin tsoho ne, ya yi baƙi, ya tsattsage. Amma a kusurwar gabas, inda babban tankin ruwa na roba yake zaune, daɓen ya fi haske, an ɗaga shi kaɗan. Ya sauka ya tambayi mai gadin yaushe aka yi wannan aikin.

Mai gadin ya yi ɗan tunani, ya ce ai a ranar ne ma. Wani magini ɗan Sudan mai suna Isam ya zuba simintin kafin azahar, ya tafi cin abinci, bai sake dawowa ba, ko kayan aikinsa bai ɗauka ba. Da 'yan sanda suka buɗe rufin bayan kwanaki, mai gidan ya sa wasu suka ɗora tankin don mutane na kukan ruwa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan, shi ma bai ga abin faɗa a ciki ba.

Da Ishaq ya kai wa Dalia labarin ta miƙe zaune. Mutumin da yake rufin a ranar, ya bar kayansa ya ɓace, ai shi ne abin nema. Murja ta yi kuka a ƙaramar bas ɗin haya har suka sauka, tana ganin an gano mai laifi.

Neman Isam ya ci wata biyu. Lambarsa ta mutu, abokan aikinsa sun watse. Ishaq ya tambayi waɗanda suka san shi abin da ba ya iya kwana babu, aka ce garin taba na leɓe, irin na Sudan, kuma ba ya shan na kowa sai mai ƙarfi. Masu sayar da irin wannan ba su da yawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Maadi zuwa Giza, yana hawan jirgin metro yana sauka, yana shan shayin da bai so ba a wurin mata masu shayi. A Ainu Shams wani mai shago ya ce akwai magini mai tabon kuna a wuya da ke zuwa duk Alhamis.

Ya same shi yana shimfiɗa tayil a wani sabon shago. Isam na jin sunan Hussain ya ajiye cebur. Ishaq ya gaishe shi da Hausa, ya tambayi garinsu, ashe shi ma jinin Hausawa ne, kakanninsu sun yi maƙwabtaka a Sinnar. Sai da suka sha ruwa tare Isam ya buɗe baki.

Ya ce bayan ya ci abinci ya yi sallah, ya koma rufin ya duba aikinsa. Ya tarar wani ya taka masa siminti da ƙafa ba takalmi, har ya fara zagi. Ya sa yatsa ya ji simintin ya soma kamawa, ba zai shafu da sauƙi ba. Ya juya neman ruwa, sai ya ga Hussain kwance cikin jini. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta daɗe da ƙarewa. Ya san idan aka same shi a kan gawa ba mai sauraronsa. Ya sauka ya bar unguwar. Ya rantse bai san an kama wani ba sai bayan shekara, kuma tun daga lokacin ba ya barci sosai.

Ishaq ya ce ya cire takalminsa. Isam ya cire ba musu. Dattijon ya duba ƙafafun da kyau, ya riƙe siffarsu a kansa, ya ce ya mayar.

Dalia ta je da kanta ta zauna da Isam, ta gaya masa gaskiyar abin da zai iya samunsa idan ya yi shaida, da abin da za ta iya yi masa da wanda ba za ta iya ba. Ya kwana biyu yana juyayi, sannan ya aiko cewa zai yi.

Aka ce wa mutanen gidan za a wanke tanki. Ranar da aka zubar da ruwan, Dalia ta zo da limamin unguwa da mai gadin su zama shaidu, don kada a ce an taɓa wani abu. Da aka ture tankin gefe, ga shi nan a bakin daɓen, sawun ƙafar dama, ya nutse kamar yau aka yi shi.

Ishaq ya durƙusa. Sai da ya yi hamdala a hankali kafin ya ce komai, domin rabonsa da ganin sawu mai kyau haka tun yana Sudan. Ya nuna musu cewa dunduniyar ta fi nutsewa, mai ƙafar da baya ya taka, yana ja da baya ne ko an ture shi. Ya nuna yatsu. Huɗu ne suka fito. Ƙaramin yatsan bai taɓa ƙasa ba, irin wanda ke hawa kan ɗan'uwansa tun haihuwa. Akwai kuma wani layi da ya ratsa tsakiyar tafin, tabon tsohon yanka. Ya ce ba ƙafar Isam ba ce. Ta Hussain ma ba ita ba ce, tunda da takalminsa ɗaure aka same shi.

Dalia ta ɗauki hotuna ta kowane gefe, aka rufe wurin da tabarma. Da yamma Murja ta kawo tsofaffin silifas ɗin Lawali da ta adana a ƙasan akwatinta. Yatsu biyar sun ci robar ras, kuma ƙafar ta fi ta simintin tsawo da siranta.

"Ba ƙafar ƙanenki ba ce, 'yata," in ji Ishaq.

 Murja ta fuskanci gabas a tsakar ɗakin ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Dalia ta ce wannan ya isa ta shigar da roƙon, kuma ta shigar washegari. Amma ta ja hankalinsu cewa sawun baƙo a rufi bai hana a ce Lawali ma ya hau ba. Abin da zai rusa hukuncin shi ne a san mai ƙafar.

Ishaq ya hau hawa na huɗu ya yi sallama da Hajja Mahasin. Ta san wanda ya turo shi, duk da haka ta ba shi wuri, Shahd ta kawo shayi. Shahd har lokacin ba ta yi aure ba, kullum Munzir ya tayar da maganar sai ta ce a ƙara mata lokaci. Shi ke yi musu cefane, shi ke kai tsohuwar asibiti. Ishaq bai ɓoye wa Hajja komai ba. Ya gaya mata abin da aka gani da abin da bai sani ba tukuna, ya roƙe ta ta yi wa ɗanta sadaka a kan rufin, ta gayyato duk mazan gidan.

Tsohuwar ta daɗe tana murza carbinta.

"Hajj Ishaq, idan ba yaron nan ba ne, to shekara uku ke nan ina kai ƙarar ɗan mutane wurin Allah a kowace sallah," in ji ta. "Ka sa ranar. Ni zan dafa da hannuna."

Ranar Juma'a aka yi. An kafa rumfa, aka yi saukar Alƙur'ani, aka ci abinci. Mai gadi yana nan, da tsohon mai tattabaru, da 'ya'yan mai gidan, da sauran 'yan haya. Isam ya zauna a gefe kusa da Dalia yana sunkuyar da kai. Munzir ne ke ta kai da kawo da farantai. Mata suna can bayan labule kusa da matakala, Murja a cikinsu, Hajja Mahasin ce ta ce a bar ta ta zauna.

Da la'asar ta yi, liman ya ce a yi sallah a nan. Famfo ɗaya ne a rufin, Ishaq ya riga kowa zama kusa da shi yana miƙa buta. Kowa ya yi alwala ya taka busasshen daɓe zuwa tabarmi, sawunsa ya fito a jiƙe kafin rana ta shanye shi. Ishaq yana kallon ƙasa, ba ya kallon fuska. Mai gadi ya wuce, mai tattabaru ya wuce, samarin mai gida suka wuce. Sai wata ƙafar dama ta sauka ta ɗaga, ta bar yatsu huɗu da siririn layi a tsakiya. Ya ɗaga kai. Munzir ne, yana warware hannun rigarsa.

Ishaq ya bari aka idar da sallah. Bayan an shafa addu'a ya miƙe ya ce yana da magana, ya je ya yaye tabarmar da ke kusurwar gabas. Mutane suka matso. Ya sa Isam ya faɗi lokacin da ya zuba simintin da abin da ya tarar da ya dawo. Mai gadin ya shaida cewa tun da aka ɗora tankin ba a taɓa motsa shi ba sai ranar wanki. Sannan Ishaq ya ajiye buta a gefen sawun, ya ce duk wanda ya yarda ya jiƙa ƙafarsa ta dama ya taka kusa da shi.

Tsohon mai tattabaru ne ya fara, yana gunaguni. Sauran suka bi. Munzir ya ce wannan wasan yara ne a ranar sadakar mamaci, ya nufi matakala. A nan ya tarar da Hajja Mahasin tsaye a bakin labule.

"Ka taka, ɗana," in ji ta. "Ka ce ba ka hau ba ranar. Ka taka mu ci gaba da addu'a."

Ya tsaya yana kallonta, ya kalli Shahd da ke bayanta. Bai koma wurin butar ba. Ya zame ya zauna a kan matakalar farko, ya kifa kai a gwiwa.

"Ya ce zai gaya muku," in ji shi.

Sauran ya fito a hankali. Matarsa Afra ba ta mutu ba, tana Kosti da yaransu, gudu ya yi ya bar su. Da azahar ɗin ranar wani ɗan'uwan Hussain ya bugo waya ya faɗa wa Hussain ɗin gaskiya. Hussain ya kira shi rufi don kada mata su ji, ya ce auren ya fasu, kuma zai sanar da kowa. Suka sarƙe, silifas ɗin Munzir ya fita, Hussain ya ture shi baya. Da Hussain ya juya zai sauka, Munzir ya ɗauki rodin maginin ya buga masa a ƙeya. Rigimar safe kuwa kowa ya ji ta, shi ya sa sunan Lawali ya zo masa a baki.

Ba wanda ya taɓa shi. Liman ya tsaya a gabansa har 'yan sandan da Dalia ta kira suka iso.

Abin bai ƙare a ranar ba. Masana suka zo suka yanke daɓen suka tafi da shi, aka auna ƙafar Munzir, aka ɗauki bayanin Isam sau da yawa. Dalia ta yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi, ta kuma tsaya wa Isam har aka daidaita zamansa. Sanyi ya shiga ya fita kafin kotun sama ta soke hukuncin. Ranar da aka karanta takardar, Murja ta kama hannun Dalia ta riƙe a ƙirjinta, ta kasa haɗa Larabcin da za ta gode mata, sai ta yi ta sa mata albarka da Hausa. Dalia ta ce ta gane duka.

Lawali ya fito a rame, gashin kansa ya soma furfura. Bai nemi zuwa ko'ina ba sai hawa na huɗu. Hajja Mahasin ta fara neman gafararsa, ya durƙusa ya hana ta ƙarasawa. Ya ce ita aka kashe wa ɗa, kuma da ta rufe ƙofarta ba wanda zai zarge ta, amma ta buɗe. Ya ce ba zai manta da ita a addu'a ba har ya mutu. Shahd ta gaishe shi daga ƙofar ɗaki, ya amsa. Tsohuwar ta sa aka zubo masa abinci, ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

Da suka sauko, Lawali ya kama hannun Ishaq da hannu biyu, ya ce bai san da bakin da zai gode masa ba. Ishaq ya ce shi ma yana da tasa godiyar, domin ya ɗauka zai mutu a garin nan ba tare da idonsa ya sake yi wa kowa amfani ba.

Suka kama hanyar tashar metro, Murja a gaba. Ishaq ya ɗan ja baya, idonsa a ƙasa kamar kullum. Ya lura Lawali yana tafiya da gajerun taku, kuma duk bayan 'yan taku kaɗan sai kafaɗarsa ta ɗan karkace, kamar mai shirin juyawa a gaban bangon ɗakin kurkuku. Ya matso ya dafa shi.

"Buɗe ƙafarka, ɗana. Babu bango a gabanka."

Lawali ya tsaya ya kalli titin har inda ya ƙare. Ya yi bisimilla, ya miƙa ƙafa, suka bi bayan Murja.